Igiyar da Na Gyara wa Mai Jirgi

Sati shida na yi a Guangzhou kafin Babbar Sallah ta riske mu, a shekarar da duk inda ka juya zancen mayar da Hong Kong hannun China ake yi. Kawuna ne ya je da ni. Shi ya riƙe ni tun ina ɗan shekara bakwai, a shagonsa na kasuwar Kwari a Kano na girma, shi ya yi mini aure. Tun muna cikin jirgin sama ya faɗa mini dalilin tafiyar: gwiwoyinsa sun gaji da hawa benayen kasuwannin Liwan, yana son ya bar mutum a can da zai riƙa saya masa kaya yana turowa. In ya ga na iya, bayan Sallah zai koma Kano shi kaɗai, ya bar mini makullin ɗakin da ya kama a bayan titin Liuhua. In bai gani ba, tikitina na dawowa yana aljihunsa.

Ban taɓa son wani abu kamar yadda na so makullin nan ba. Ɗan ƙarami ne, an ɗaura masa jan zare, yana rataye a ƙusa bayan ƙofa, kuma kullum da safe sai na kalle shi kafin in sa takalmi. Rawar kai kuwa ba irin wadda ban yi ba. Kalmomi uku na haddace, nihawu ta gaisuwa, shiye-shiye ta godiya, da meyo, wato babu, na riƙa raba su ga kowa har da wanda bai tambaye ni ba. Na koyi cin shinkafa da tsinke biyu don Kawu ya gani, rabinta na zuba a cinyata. In muna tafiya ni ne a gaba, alhali ban san inda za mu ba.

Akwai mutumin da yake tsakanina da makullin. Ɗan Gana ne, daga zangon Takoradi, ya girme ni da kusan shekara goma. Ya yi aiki a manyan jiragen ruwa kafin ya zauna yana yi wa 'yan kasuwa lodin kwantena a tashar jiragen ruwa ta Huangpu, kuma yana jin yaren mutanen garin daidai gwargwado. Shi ke kula da kayan Kawu in ba ya nan. Idan na gaza, shi zai ci gaba. Bai taɓa yi mini komai ba sai alheri, wannan ma haushi yake ba ni.

Kawu ya ce tun da ya yi aure bai taɓa rasa layya ba, kuma ba zai fara a ƙasar China ba. Masu gidan abincin Musulmi da muke ci a wajensu sun yarda a yi yanka a bayan gidansu, amma rago dai meyo. Mutumin Gana ya ce akwai wani ƙauye a kan tsibiri gaba da Huangpu inda ake kiwon baƙaƙen awaki, kuma ya san wani tsoho mai jirgi da zai kai mu ya dawo da mu har da dabbar, domin jirgin fito na gwamnati ba ya ɗaukar akuya. Muka sa rana, jajibirin Sallah, dukanmu uku da azumin Arfa a bakinmu.

Jirgin tsohon na katako ne, tsawonsa bai fi ƙaramar bas ba. A tsakiya akwai rumfa ta tabarmar gora da aka lulluɓe da leda. A ƙarƙashinta na ga katifa a naɗe, barguna biyu, risho, tukwane, da wani gwangwanin biskit a kan ɗan kanta. A baya kusa da inji an rataye keji da kaji biyu, ga kuma tsohuwar robar fenti da aka shuka albasa a ciki. Matarsa na zaune tana gyara kifi a kwando. Na tambayi mutumin Gana ina gidansu yake, ya buga ƙafarsa a kan katakon da muke tsaye. Ya ce a kan ruwa aka haife su su biyun, ba su da ko taku ɗaya a tudu.

Ni kuwa ruwan da na sani a duniya shi ne Challawa in ta kawo a watan Agusta, sai madatsar Tiga da aka taɓa kai mu daga makaranta. Da injin ya tashi muka fita tsakiyar kogin, sai kaina ya juye. Na koma can bakin hancin jirgin na zauna, na cire hulata na riƙe a hannu kada iska ta ɗauke. Yunwar azumi da iska da faɗin ruwan suka haɗu suka sa ni dariya ba dalili. Na yi wa wani ƙaton jirgi sallama da ƙarfi, wani mutum mai goge ƙarfe a can sama ya ɗago mini hannu, na juyo in ga ko Kawu ya gani. Tsohuwar tana kallona tana girgiza kai, ni kuma ina ce mata nihawu karo na huɗu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda kowane jirgi ya samu wajen tsayawa. Manya suna tsakiyar ruwa, kowanne ya saki anga, wata ƙatuwar ƙugiyar ƙarfe a bakin sarƙa, kuma duk sun fuskanci waje ɗaya kamar sahun sallah. Masu ɗaukar yashi da kwal an ɗaure su a jikin wasu manyan gangunan ƙarfe da ke yawo a saman ruwa. Ƙanana a gefe, wasu sun zura doguwar gora ta wani rami a hancin jirgin sun kafe ta a laka, wasu sun jingina da juna uku-uku, mai na waje sai ya ratsa ta ɗakin maƙwabcinsa kafin ya taka ƙasa. Na yi ta nuna wa Kawu su ɗaya bayan ɗaya kamar ni na jera su.

Mutumin Gana ya matso kusa da ni ya ce, "Ɗan Kano, ka duba manyan nan da kyau. Yanzu suna kallon teku. Da la'asar za ka ga sun juya suna kallon gari, kuma ba wanda ya taɓa sitiyari. Ruwan nan ba irin naku ba ne. Yana zo, yana tafi, sau biyu kowace rana. Wata ne yake jan shi."

Na ce, "Yana tafiya ina? Kasuwa?"

Kawu ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Watan da muke dubawa mu ɗauki azumi? Shi ma an ba shi aiki a China?"

Mutumin Gana ya yi murmushi ya koma wajen zamansa. Ni kuwa dariyar nan ta Kawu ta shige ni har ƙafa. A wajenmu kogi sau ɗaya yake cika a shekara, sau ɗaya yake ƙafewa, kuma sai an ga hadari tukuna. Na ɗauki maganar a cikin labaran da mutanen jirgi ke ba wanda bai taɓa fita ba, na ajiye ta a nan.

Da muka isa tsibirin da hantsi, sai neman wajen tsayawa ya zama aiki, domin tsohon ma baƙo ne a wannan gaɓar. Mun fara nufar wani dandamalin ƙarfe mai yawo a kan ruwa inda jirgin fito ke sauke mutane. Wani mai usur ya fito yana kaɗa hannu yana cewa meyo, meyo, na amsa masa da shiye-shiye don kada kalmata ta yi kwantai. Muka je za mu jingina da wasu jirage uku, wata mata ta leƙo daga rumfa ta zazzaga magana, mutumin Gana ya ce ta ji zancen akuya ne, ta ce ba ta kan shimfiɗarta ba. Tsohon ya gwada gorarsa, ba ta taɓo ƙasa ba. A ƙarshe muka samu wata katangar dutse mai matakala, da zoben ƙarfe a kafe a samanta. Ruwa ya cika taf, matakala biyu kawai ake gani.

Tsohon ya jefa 'yar angarsa ta baya. Sannan ya ɗauki igiyar gaba ya ɗaura a zoben, amma wane irin ɗauri. Ya saki igiya har ta yi ciki tana jan ruwa, jirgin ya ja baya ya bar katanga da fiye da taku biyu. Da za mu sauka sai da ya jawo shi da hannu, kuma Kawu na ɗaga ƙafa jirgin ya sake zamewa, saura kaɗan ya faɗa, na cafke shi ta hammata. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Na ji kamar an sa mini makullin a aljihu.

Tsohuwar ta ɗauki kwandon kifinta ta nufi kasuwar ƙauyen. Tsohon ya shige gaba zai kai mu wajen masu awaki. Mun yi 'yar tafiya sai na tuna na bar buta a jirgi, na ce su ci gaba zan cim musu. Na dawo da gudu na jawo igiyar, na shiga na ɗauko butar, na fito, sai na tsaya ina kallon ɗaurin nan. Wallahi tausayin tsohon ne ya fara kama ni. Na ce tsufa ya sa hannunsa ya yi sanyi. Sannan na tuna anjima za mu dawo da bunsuru, ga gwiwoyin Kawu, ga jirgi yana yawo kamar ba shi da mai shi.

Na ajiye butar na kwance igiyar. Na jawo jirgin har hancinsa ya manne da katanga, na ɗame igiyar tam ba ko ɗan sako-sako, na yi mata ɗaurin turke irin na gidanmu. Kawu ne ya koya mini shi ina yaro, a tsakar gida, duk shekara in an kawo ragunan layya: zagaye biyu, zarge, sannan a lanƙwasa bakin igiyar a mayar da shi ciki har sau biyu. Wannan lanƙwasar ta ƙarshe shi ya ƙirƙiro ta, tun shekarar da wani rago ya kwance ya shiga maƙwabta ya cinye musu dussa. Kyawun ɗaurin shi ne duk yadda dabba ta ja, ƙara ɗamewa yake yi. Na ja da baya na kalli aikina, jirgi ya tsaya cak kamar an gina shi da katangar. Na yanke shawarar ba zan faɗa ba sai mun dawo, in Kawu ya taka ya shiga ba tare da an riƙe shi ba.

Neman bunsurun ya ci mana rana. Kawu ba ya sayen dabbar layya da ka. Sai ya buɗe baki ya duba haƙora, ya shafa kunnuwa, ya leƙa idanu, ya sa a ja ta ta yi tafiya ya gani ko tana ɗingishi. Na farko kunnensa a tsage yake. Na biyu bai fidda haƙoran girma ba, kuma da mai shi ya ga Kawu na ta nuna baki yana girgiza kai, sai ya wangale nasa bakin ya nuna mana nasa haƙoran, ko me ya fahimta oho. Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Tsofaffin matan ƙauyen suka biyo mu a baya, wata ta kama gefen babbar rigar Kawu tana murza aikin da yatsa tana kiran 'yan'uwanta su zo su gani. Duk gidan da muka shiga sai an kawo shayi a 'yan ƙananan kofuna, mutumin Gana ya yi ta nuna rana yana nuna bakinsa yana bayanin azumi, su kuma su yi ta kallonmu da tausayi.

Mun yi azahar a ƙarƙashin wata ƙatuwar bishiya mai saiwoyi a rataye, muka yi alwala da ruwan butar nan da na koma na ɗauko. Daga nan tsohon ya bi da mu ta tsakanin tafkunan kifi da gonakin ayaba zuwa gidan wani ɗan'uwansa, a can muka samu wanda ya yi. Baƙi ne wuluk, gajere, mai gemu da faɗin ƙirji, yana kallon mutane kamar shi ya zo saye. Ni na karɓi igiyarsa. A hanya na yi ta yi masa Hausa, ina gaya masa ya yi sa'a, duk awakin China shi kaɗai zai tafi da kabbara. Kawu na tafe a bayana a hankali, ya ce, "Ka fara sanin gari, ɗan nan. Gobe in an yi yanka sai mu yi maganar ɗakin."

Ban san yadda ƙafata ta riƙa taɓa ƙasa ba daga nan. Na fara tsara yadda zan rubuta wa matata wasiƙa, na sayi labule na rataya a tagar ɗakin duk a cikin kaina. Na kuma shirya maganar da zan yi a bakin katanga, har na maimaita ta sau biyu a zuciya: Kawu, taka kawai, na gyara ɗaurin.

Kukan tsohuwar muka fara ji kafin mu ga kogin. Sai wani wari na laka. Da muka fito daga lungun ƙarshe na tsaya, domin kogin da na bari ba shi na tarar ba. Ruwa ya ragu da tsayin da ya kai ƙirjin mutum ko fiye. Matakalar da na san biyu ce ta zama doguwa, kore shar da santsi, ƙananan ƙaguwa na gudu a kanta. Can tsakiya manyan jiragen nan duk sun juya, sun ba teku baya suna kallon gari. Jiragen da ke gefe duk sun bi ruwa sun sauka lafiya, igiyoyinsu da na gani sako-sako da safe yanzu sun miƙe daidai.

Namu kaɗai bai sauka ba. Yana rataye ta hanci a jikin zoben, kamar dabbar da aka rataya za a feɗe, gindinsa ya nutse. Injin yana cikin ruwa. Katifa da barguna sun gangara baya sun jiƙe, risho ya kife, tukunya ɗaya tana yawo a gefe da murfinta. Kejin kajin ya nutse rabi, ɗaya ta miƙa wuya sama tana haki, ɗayar ba ta motsi. Tsohuwar na tsaye a kan matakala ruwa har cinya, ta rungume gwangwanin biskit ɗin nan a ƙirji, ruwa na zuba daga cikinsa.

Tsohon ya ruga ya durƙusa a kan zoben yana ƙoƙarin kwance ɗaurin. Na san ba zai iya ba, nauyin jirgi guda ya ɗame shi ya zama kamar dutse. Ya kira maza daga jiragen maƙwabta suka tokare da gorori, ya zaro wuƙar gyaran kifi daga kwandon matarsa ya yanke igiyar. Jirgin ya faɗa ruwa da wata ƙara, na ji katako ya yi ƙas a wani waje.

Kawu ya gaji, ga rana, ga azumi, ga tsoron da ya kama shi. Ya juya wajen mutumin Gana ya ce, "Gaya masa. Mutum ya tsufa a kan ruwa bai iya ɗaure jirgi ba? Da muna ciki fa? Gaya masa wannan sakaci ne. Tun da safe na ga take-takensa, ya kusa jefa ni a ruwa." Ya yi ta faɗa yana nuna tsohon da yatsa, a gaban matarsa da maƙwabtan da suka taru. Mutumin Gana ya faɗi 'yan kalmomi kaɗan da yarensu, na tabbata ba abin da aka ce ya faɗa ba ne, amma faɗa ba ya bukatar tafinta. Tsohon ya sunkuyar da kai.

Ni ina tsaye taku uku daga wurin, igiyar bunsuru a hannun dama, buta a hagu. Bakina lafiyarsa ƙalau. Kalma biyu ce kawai, ni ne, kuma na ji ta ta taso har maƙogwaro. Sai na ga jan zaren nan a ƙusa bayan ƙofa, na haɗiye ta. Na sunkuya ina gyara wa bunsuru igiya a wuya kamar ita ce damuwata.

Tsohon ya ɗago ya kalle ni sau ɗaya, ya kalli butar. Bai nuna ni ba. Ya koma kan zoben ya yanke zagayen da ya rage, ya ciro ƙullin ɗungurungum, ya kawo wa Kawu da hannu biyu, ya faɗi wata gajeriyar magana.

Mutumin Gana ya ce, "Alhaji, ya ce wannan ba ɗaurin ruwa ba ne."

Kawu ya juya ƙullin a tafin hannunsa. Na ga babban yatsansa ya bi zagaye biyun, ya bi zargen, ya tsaya a kan lanƙwasar ƙarshe. Bai kalle ni ba. Ya zura ƙullin a aljihu, ya cire babbar rigarsa ya ɗora a kan katanga, ya naɗe wando, ya kama matakalar nan mai santsi da gwiwoyin da ba sa son bene, ya sauka cikin laka. Ya kamo tukunyar da ke yawo ya fara kwarfe ruwa daga cikin jirgin. Na ɗaure bunsurun a zoben da aikina ya ɓata na bi shi. Da na zo kusa na ce, "Kawu, ni ne."

Ya ce, "Na sani. Ni na koya maka." Ya ci gaba da kwarfa.

Mun kwarfe jirgin, mun matse barguna mun shanya a kan katanga. Tsohuwar ta buɗe gwangwanin ta jera abin da ke ciki a rana, takardu ne da hotuna, wasu fuskokin sun narke. Ruwa ya ƙarasa janyewa har jirgin ya zauna a kan laka, ba tafiya sai ya dawo. Muka zauna a kan katanga muna jiran ruwa. Gab da magariba na ga abin da na yi wa dariya da safe da idona: ba hadari, ba iska, ruwa ya fara dawowa shiru, ya ci matakala ɗaya, ya ci ta biyu, jiragen gefe suna tasowa a hankali. Duk da kunyar da ta rufe ni sai da na yi tasbihi a fili. Da rana ta faɗi tsohuwar ta dafa ruwa a jirgin maƙwabta ta kawo mana shayi, da shi muka sha ruwa. Ta miƙa mini nawa kofin kamar yadda ta miƙa wa kowa. Wani maƙwabcinsu ne ya ja mu da jirginsa zuwa Huangpu, bunsurun na tsaye a tsakiya yana cin albasar da ta tsira.

An yi Sallah, an yi yanka, naman ya yi daɗi, Kawu bai tayar da maganar ba. Washegari ya sa mutumin Gana ya nemo makanikin inji, ya sayi katifa da barguna da sabuwar igiya, ya ce ni zan kai. Na je na durƙusa a gaban tsohon, mutumin Gana ya fassara ban-haƙurina. Tsohon ya yi dariya, ya ja ni bakin katangar da suke kwana a jikinta, ya nuna mini layin danshi a jikin dutse inda ruwa ke tsayawa in ya cika, ya nuna inda yake sauka, ya ware hannuwa yana auna igiya gaba ɗaya, gaba biyu, gaba uku. Ya sa na ɗaura da kaina har sau uku, a na ukun ya buga kafaɗata ya kira ni loban, wato maigida. Nan take rawar kaina ta dawo sabuwa. A bas na yi ta ba mutumin Gana labarin yadda wata ke jan ruwa, shi kuma yana cewa haka ne, haka ne.

Na hau benen masaukinmu da gudu. Na tarar da Kawu zaune a bakin gado, jakarsa a ɗaure, tawa a buɗe a ƙasa babu komai a ciki. Tikiti biyu ne a kan matashi.

Na ce, "Kawu, na ba shi haƙuri fa. Ya yafe. Har ya koya mini ɗaurin."

Ya ce, "Ɗaurin ba komai ba ne. Ni ma da na ga igiyar nan da safe sai da hannuna ya yi ƙaiƙayi. Amma na tsaya na ci mutuncin tsoho a gaban matarsa, a kan gidansa da ya nutse, kai kana gyara wa bunsuru igiya. Wata rana kaya za su lalace a garin nan, ni ina Kano. Abin da ka faɗa mini a waya shi kaɗai zan sani."

Ya zaro ƙullin daga aljihu ya jefa a cikin jakata, shi ne abu na farko da ya shiga. Sannan ya miƙe ya ciro makullin daga ƙusa ya ba ni, ya ce mutumin Gana na jira a ƙasa, in kai masa, shi gwiwarsa ba za ta iya sauka ta sake hawa ba.

Benen hawa huɗu ne. Na sauka a hankali, jan zaren a naɗe a yatsana, kuma iyakar riƙon da na yi wa makullin ke nan.